Zaren Bahaguwa

Tawa, farkon bazara

Muktari ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata Rissa direba ya same ka da ranka da lafiyarka a wannan ramin zinariya da ka fifita a kan gonar ubanka. Ya tarin da ka ce ya sake ka? Ban yarda ba, amma na karɓa. Mu nan Tawa lafiya lau. Ƙafata ce ke kumbura in na daɗe tsaye gaban allo. Likita ya ce in rage gishiri, na ce ya fara rage mini ƴan aji. Ɗiyata Zahara na gaishe da kawunta.

Yanzu ka nemi wuri ka zauna, don abin da ke tafe ba na karantawa a tsaye ba ne.

Zahara za ta kare kundinta na digirin lisans bayan damina. Ƙawayenta sun fitar da anko, irin atamfar nan da wanki biyu ke mayarwa tsumma. Ita ta ce ba ta so, saƙin Inna take so a ɗinka mata. Wai yanzu a jami'a ana gaya musu tufar kirki ita ce wadda aka daɗe ana yi, a daɗe ana sawa, a bar wa na baya. Na ce mata barka da ganowa, kakarki da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ta yi boko ba a kan wannan karatun ta rayu. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Na buɗe adaka na fito da shi.

Ka tuna yadda aka yi shi, ko kana ƙarami? Inna ta kaɗa audugar da hannunta, rani bayan rani, ta kai zaren rini, ta kai wa masaƙin nan na Kalfu. Dogon zugu guda ya saƙa, aka yayyanka aka haɗa zane biyu. Ɗaya ta ba ni ranar da zan tare, ɗayan ta riƙe tana ɗaurawa ranar kasuwa.

Duk Tawa tela ɗaya ne ke yarda ya taɓa saƙi, Isufu mutumin Maraɗi, bayan babbar kasuwa. Sauran sun ce keke na tauna shi. Shi yakan warware haɗin, ya shimfiɗa yankunan ɗaya-ɗaya, ya sake haɗa su da allura daidai jikin mai sawa, ba ya yar da ko faɗin yatsa. Aikin watanni ne. Da na shimfiɗa masa nawa sai ya yi dariya, ya ce wannan watan kakanni sun yi taro a shagonsa. Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wani zane ya aza kusa da nawa.

Muktari, zanen Inna ne.

Kada ka ce mini saƙi duk kama gare shi. Ka san Inna bahaguwa ce, an doke ta a kan haka tana yarinya har aka gaji, mazarinta baya yake juyawa, zarenta murɗin hagu gare shi. Na zare sili guda daga gefen wancan, na zare daga nawa, na jera su a tafin hannuna. Hannu ɗaya ya kaɗa su. Kuma a tsakiya, inda zane ke zama a kan ƙirji, akwai huda da babban yatsana ya shige, bakinta a ƙone. An wanke wurin an sake wankewa, amma fararen zaren da ke kewaye sun koma ruwan ƙasa.

Me aka gaya mana bara? An ce masu babura, ƴan bindigar nan na daji, sun faɗa wa garinmu Tungar Talle ranar kasuwa, sun harbe Inna da sauran mata a bakin rijiya, sun ce duk wanda ya taɓa gawa zai bi ta. An ce sai daga baya wasu makiyaya masu wucewa suka tura su rami guda, da tufafinsu, ba wanka ba salla. Wa ya kawo mana wannan labari? Attahir ɗan Kawu Almustafa. To in gaskiya ya faɗa, wannan zane yana ƙarƙashin ƙasa. Tunda ga shi a kan tebur, wani ya tuɓe uwarmu.

Isufu ya ce ba ya faɗin sunan masu kawo masa ɗinki. Na ɗauki babban almakashinsa na kafa shi a tebur tsakanin yatsunsa, na ce zan fara da shaddar da ke rataye, in bi layi har bakin ƙofa. Sai bakinsa ya buɗe. Rukaiya ce, matar Attahir.

Tun ranar nake jera abubuwa kamar yadda nake jera wa yara a darasin tarihi. Wa ke kai tumaki daga Tebaram zuwa Tawa ta hanyar da kowa ya bari, ya je ya dawo lafiya? Wa ba ya gari ranar da abin ya faru? Wa na tambaya wurin zaman makoki ya nuna mini inda ramin yake, ya mayar mini da wasan taubashi, wai ni da nake koyar da taswira ai ba na buƙatar ɗan jagora? Na yi masa murmushi a ranar, hawaye na zuba. Yau in na tuna sai in ji kamar in ciji harshena ya fita.

Ban ce ka yi komai ba. Na dai gaya maka ne don haƙƙinka ne ka sani. Amma Inna namiji guda ta haifa, kuma yana can yana tonon ƙasa yana neman abin da ke ƙyalli, alhali an bar uwarsa tsirara a bakin rijiya.

Yayarka,
Zuhura

*

Mahaƙa, arewa da Arlit

Yaya Zuhura,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, Rissa ya ba ni hannu da hannu. Tarin yana nan, tunda kin riga kin sani. Ki gaishe da Zahara. Ki rage gishirin.

Na karanta. Na fita bayan duwatsu na sake karantawa don kada abokan aiki su ga fuskata. Kin ce ba ki ce in yi komai ba. Na ga wurin. Na ga kuma abin da kika rubuta a ƙarƙashinsa.

Yaya, akushi ɗaya muka ci da Attahir. In Inna ta kankare ƙanzo shi take fara miƙa wa, ta ce ɗan ɗan'uwanta ne, ni ko in jira. Ranar da kunama ta harbe shi ita ta goya shi har Tebaram, yana ƙato, ƙafafunsa na jan ƙasa. Wannan bayan da ya hau shi ya tsaya ya kalla ana kwance wa zane.

Na bar wa abokaina ramina da kayan aikina. Na samu takobi wurin wani mutumin Abzin, ya wasa mini shi da kansa. Salula kuma na bar ta nan, don an ce a hanyar ƙasarmu ta Adar masu babura na tsayar da mota su bincika wayar kowa.

Ba zan biyo ta Tawa ba. Na san ki, in kika gan ni a ƙofa za ki fara kawo mini abin da littattafai suka ce. Kin gama naki, kin gano shi. Saura nawa.

Ki ce wa telan kada ya sa almakashi a zanen nan.

Ƙanenki,
Muktari

*

Tawa, tsakiyar bazara

Muktari,

Salamu alaikum. Lafiyata ba ta dame ka ba yau, ni ma ba ta dame ni ba. Wannan takarda sau biyu na rubuta ta, ɗaya na ba Rissa ko ba ka taso ba, ɗaya na ba masu motar Takanamat su nemi mai kama da kai. Duk wadda ta riske ka, ka tsaya inda kake.

Ka mayar da takobin kube. Attahir bai ci amanar kowa ba.

Ga yadda aka yi. Na yi ta zama a shagon Isufu bayan an tashi lakwal, ina jiran Rukaiya ta zo duba ɗinkinta. Ranar da ta shigo da goyo a baya, tana ganina ta durƙusa za ta gaishe ni. Ban bari ta kai ƙasa ba. Na wanke ta da mari, na fizge kallabinta, na ja ta da kitso har bakin titi. Sandar awon Isufu ce ta zo hannuna, da ita na fasa mata leɓe. Ya shiga tsakani na sauke masa ɗaya a gwiwar hannu. Jaririyar na tsala kuka, masu kabu-kabu sun yi da'ira suna kallo, ni ko ina tambayarta wa ya ba ta zanen uwata. Ba ta ɗaga hannu ko don kare fuskarta ba. Jini na bin haɓarta ta ce da ni ƙasa-ƙasa:

"Yaya, ki mayar da ni ciki ki kashe ni can. Nan akwai kunnuwa."

Muka shiga, Isufu ya ja ƙofa.

Ramin makiyaya gaskiya ne, amma Inna ba ta cikinsa. Attahir ya dawo daga kai tumaki ya tarar gari ya watse, gawawwaki a bakin rijiya, masu babura sun yada zango kusa da tafki suna tsaron dokarsu. Ya jira tsakar rana, lokacin da zafi ya kora su inuwa. Ya ɗaura wa jaki amalanke, shi da Rukaiya da tsohon cikinta, suka ɗauko Inna suka lulluɓe ta da kara, suka kai ta bayan rumbunsa. Rukaiya ta yi mata wanka da ruwan jarka. Farin yadin da ya saya don rigar salla, shi ya zama likkafani. Shi ya haƙa, shi ya yi mata salla, shi kaɗai a sahu. Ya so ya koma ya ɗauko wata, sai suka ji ƙarar babur.

Ka san al'adar garinmu, ni ma na san ta, kuma ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba: zanen da ke jikin mamaciya na wadda ta wanke ta ne. Rukaiya ta ce ba za ta iya ɗauka ba, Attahir ya ce Gwaggonsa ba ta taɓa tauye wa kowa haƙƙi ba tana raye, ba za a fara da sunanta ba tana kwance.

Sun yi shiru ne don har yau a kan wannan hanya suke kwana suke tashi. In mutanen daji suka ji wanda ya taka dokarsu, ka san sauran. Ni ma ya ɓoye mini don ya san bakina. Ya ce wa matarsa in aka gaya wa Malama da safe, kafin azahar ta rubuta wa gwamna. Bai yi ƙarya ba. Tumakinsa kuwa ba kyauta suke wucewa ba, suna zaɓar na zaɓa a cikin garkensa kamar yadda suke yi wa kowa.

Jaririyar da na sa kuka sunanta Kulu. Sunan Inna suka sa mata. Rukaiya so take a cire yankin da ke da huda, a ɗinka wa yarinyar riga da zanen takwararta, abin da ya rage a ajiye mata har ta girma. Ta kawo shi Tawa don a nan ba wanda zai gane shi. Ba ta san tela ɗaya ne mai taɓa saƙi a garin ba.

Shekara da shekaru ina gaya wa ƴaƴan mutane kada su yanke hukunci da shaida guda. Na samu zare ɗaya na saƙa igiyar rataye mutum. Wannan tsakanina da Allah ne, da Rukaiya. Kai naka shi ne ka tsaya. Na aika wa Attahir ya yi hankali, amma an ce ya fita sayen dabbobi cikin ƙauyuka, kuma can babu waya tun da aka ƙone eriya.

In ka gan shi, ka durƙusa. Kada ka ambaci zanen nan a gaban kowa. Ko a gaban jaki.

Zuhura

*

Wata tunga kusa da Takanamat

Yaya Zuhura,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, sai ɗan targaɗe a hannu. Tun takardarki ta farko ban sake jin ki ba, na san hanya ce. Wannan takardar Raƙiya mai kanwa za ta kawo miki, ita ta san inda nake, ki ba ta amsa.

Na same shi.

Ranar kasuwar Takanamat ne, a wurin tumaki. Yana riƙe da haɓar wani rago yana duba haƙora, sanye da rigar saƙin nan ta Kawu. Da ya ɗago ya gan ni sai ya saki ragon ya buɗe hannuwa yana dariya, ya ce ga bawansa ya dawo daga tonon ƙasa, ina zinariyar ubangidansa. Ya ga takobin, ya ce au, har da kayan yaƙi, to a bari ya kira mata su yi guɗa. Dillalai na ta dariya. Sun ɗauka wasan taubasai ne.

Na ɗaga murya yadda duk kasuwa za ta ji, don ba na so a ce na sare shi a ɓoye. Na ce wa ya taɓa gawar uwata a bakin rijiyar Tungar Talle. Na ce ya aka yi zanen da ke jikinta ya kwana a ɗakin matarsa.

Yaya, da kin ga fuskarsa. Dariyar ta mutu nan take. Kuma ba ni yake kallo ba, mutanen da ke bayana yake kallo, ɗaya bayan ɗaya. Ya matso ya ce in rufe bakina mu je gefe. Na ce babu gefe, a nan za a yi ta. Na sake faɗa, na ƙara da sunan Inna da sunan Rukaiya, don kada wani ya ce bai gane ba.

Sai ya ce, "To sare ni, Muktari. Amma ka yi shiru."

Na sare shi. Na farko ya sauka a kafaɗa, ya tsaga rigar har ƙirji. Na biyu ya tare da hannu, na ji ƙarfe ya taɓa ƙashi. Ya faɗi cikin tumaki, suka watse suna tattaka shi. Mutane suka rufe ni, wani ya buga mini sanda, na kuɓuce na bi ta cikin masu rakuma.

An ce bai mutu ba, an kai shi ɗakin magani an ɗinke. An ce kuma da jandarma suka tambaye shi ya ce bai san wanda ya sare shi ba. Tsoro ne, ya san in aka kama ni zan yi magana.

Abu ɗaya ne ke yi mini yawo a kai. Bai ce ƙarya nake yi ba, bai ce in yi haƙuri ba. Shiru kawai yake roƙo. Amma mai laifi ai shiru yake so, ko ba haka ba? Ke kika yi karatu, ki gaya mini.

Na cire wa Inna rabin kunya. In ya warke zan koma.

Muktari

*

Tawa, ƙarshen bazara

Muktari,

Amincin Allah ya tabbata ga wanda ya cancanta. Kana tambaya in gaya maka, to ga shi. A cikin ƙunshin nan akwai takardar da ta yi ta yawo tana nemanka ta dawo mini. Ka fara karanta ta, sannan ka dawo nan.

Ka karanta? To ji sauran.

Kasuwar da ka tara don ta zama shaida, ta zama. A cikin masu dariyar nan akwai masu kai labari daji. Mutanen daji sun san Attahir ba nasu ba ne. Sun kuma san gawa ɗaya ta ɓace musu a bakin rijiya, tun bara suke neman wanda ya raina su. Kai ka tsaya tsakiyar tumaki ka ba su sunansa, da sunan matarsa, da sunan gawar, ka maimaita don kada su yi kuskure.

Ya koma gida da hannu a rataye. Rukaiya ta wanke rigar ta ɗinke tsagar da ka yi. Ta roƙe shi su gudo, ya ce sai ya ga bayan shukar farko. Ranar Juma'a bayan an sauko suka zo. Suka fito da shi gaban matarsa, suka ɗaure hannuwansa, har wanda ka sara, suka ja shi a bayan babur zuwa mararrabar Tebaram. Can suka harbe shi. Sun bar shi a kan hanya, sun kafa dokar da ka sani: wanda ya taɓa zai bi shi.

Rukaiya ta taka da ƙafa har ta samu mota. Ƙofata ta buga, ƙofar wadda ta fasa mata leɓe, don ba ta da kowa a Tawa. A ɗakina ta shiga takaba. Tabon yana nan, kullum da safe shi nake fara gani in na kai mata kunu.

Ni na rubuta, kai ka sara, su suka harba. Ba zan ɓata tawada wajen raba mana kashi ba, kuma kada ka aiko mini da kuka, ina da nawa. Aiki ne ya rage.

Yana can kwance a rana. Duk Adar babu namijin da zai matsa kusa da shi, kuma ban ga laifinsu ba, ba su ci masa komai ba. Farin yadin da ke cikin ƙunshin nan likkafani ne, Isufu ya yanka, ya ƙi karɓar ko godiya. Yadda ake yi kuwa Attahir ya riga ya nuna: tsakar rana, amalanke, kara, jarkar ruwa, bayan rumbu.

Wataƙila su kama ka. Na sani. Kai kaɗai ka rage mini a ɗakinmu, kuma wancan karon na tura ka ban auna ba. Wannan karon na auna.

Tashi ka je.

Zuhura

*

Kalfu

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina raye. Ki gaishe da mai takaba in za ta karɓa.

Na je. Ungulaye sun riga ni, da takobin na kore su, da shi na yanke igiyar hannunsa. Ba zan rubuta miki yadda na same shi ba. Mai jakin da na roƙa ya ba ni amalanke ya juya baya, ya ce shi bai ga wanda ya ɗauka ba.

Na yi masa wanka yadda na iya. Da na zo kafaɗar sai na ga ɗinkin likita bai ko kama ba. Na wanke wurin a hankali kamar zai ji zafi.

Yaya, na ga kabarin Inna. Ya kewaye shi da ƙaya don dabbobi, ya jera duwatsu ta wajen kai, an share wurin tas, sharar ba ta daɗe ba. Da hannu ɗaya ya yi ta ke nan. Na haƙa nasa kusa da nata. Na yi masa salla ni kaɗai. Ina cikin mayar da ƙasa na ji babur daga nesa, ban tsaya ba, shi ma bai iso ba.

Takobin na jefa shi tsohuwar rijiya.

Ga rigarsa nan na ba Raƙiya. Na wanke ta amma bai fita duka ba. Ki ba Rukaiya, ta ajiye wa Kulu. Ni zan koma arewa in na samu mota. Ba na jin akwai garin da zan iya zama a ƙasar nan.

Muktari

*

Tawa, farkon damina

Muktari ƙanena,

Wa alaikas salam. Na gode wa Allah da ya dawo da kai. An yi ruwan farko, ƙafata ta ɗan saɓe. Kulu ta fara takawa tana dafa bango. Rukaiya ta amsa gaisuwarka. Ta ce tana amsawa, ba ta ƙara komai ba, ni ma ban nema ba.

Zanen nan biyu Isufu ya warware su duka. Zahara ce ta ce a cire yanki guda daga nata a sa wa na Kulu a madadin mai hudar, mai hudar kuma a sa a nata, ta ciki, daidai ƙirji. Da shi za ta tsaya gaban malamanta. Ban sa mata baki ba. Bakina ya yi aikin da ya ishe shi bana.

Saura rigar. Na kai wa Rukaiya kamar yadda ka ce. Ta shimfiɗa ta a kan tabarma, ta daɗe tana bin ɗinkinta na kafaɗa da yatsa. Ta tambaye ni wa ya yi masa wanka. Na ce kai. Sai ta ninke ta, ta aza mini a cinya.

"Ba tawa ba ce, ba ta Kulu ba ce," ta ce. "Ta wanda ya wanke shi ce. Attahir bai yarda a tauye wa kowa haƙƙi ba."

Na duba fuskarta ko zan ga gafara, ko zan ga ramuwa. Ban iya karantawa ba, ni da nake taƙama da karatu.

Don haka rigar taka ce, kuma ba ta adaka ba ce. Na zare sili daga gefenta, murɗin hagu ne. Inna ce ta kaɗa wa Kawu zaren. Ta yi maka yawa, Attahir ya fi ka kafaɗa. Isufu zai warware ta ya rage, zai toshe hudojin harsashi da abin da ya ragu. Ɗinkin Rukaiya kuwa, daga kafaɗa zuwa ƙirji, na ce kada allurarsa ta kusance shi.

Babu arewar da za ka koma. Gonar Attahir na jiran iri, ɗiyarsa za ta buƙaci hatsi kaka, kuma ranar da uwarta ta fita takaba za ka zo ƙofar nan ka durƙusa, a cikin rigar.

Isufu ya ce ba ya yanka sai ya ga awo. Ka samu igiya, ka auna faɗin kafaɗarka, da tsawon hannunka, da daga wuya zuwa gwiwa, ka ƙulla kowanne. Ka ba Raƙiya ranar kasuwa.

Yayarka,
Zuhura